Tsawon Zango, Yawan Kaɗawa da Gudun Igiyar Radiyo: Nazari kan Kalmar "Mita" a Ƙasar Ƙonni da Adar

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin ma'aunai uku na igiyar lantarki da maganaɗisu, watau tsawon zangonta, da yawan kaɗawarta, da gudunta. Bayan haka za mu nuna cewa kalma guda, wato "mita", ta ɗauki biyu daga cikin ma'aunan nan a bakin masu sauraron radiyo, alhali kuwa kishiyoyin juna ne: in ɗaya ya hau, sai ɗayan ya sauka.

Batun ya shafi masu tsara littattafan karatun manya da na makarantun da ake koyarwa da harsunan ƙasa, waɗanda aka fara gwajinsu a Damagaram a shekarar 1973. Tun da dokar da aka zartar a watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar rubuta darussan kimiyya da ita ta ƙaru. Kalmar da ta shiga littafin farko a karkace kuwa, gyaranta yana da wuya, domin malami zai koyar da ita, ɗalibi kuma ya haddace.

Mun ɗauki misalanmu daga gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa. Yankin yana bakin iyaka: kilomitoci kaɗan ne suka raba Birnin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato, wadda ba ita ce Illelar Adar ba. Saboda haka kunnen mutumin wannan yanki ya saba da Hausar gidajen radiyon ƙasashen biyu, da kalmomin da suka aro daga Faransanci da Ingilishi. A cikin maƙalar nan mun yi amfani da ɗigo wajen raba lamba da gutsurenta (99.5), da waƙafi wajen raba dubbai (300,000).

2. Yadda "mita" ta shiga kunnen jama'a

An buɗe Radiyo Nijar a 1958, wadda daga baya aka sa mata suna Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron radiyo, inda mutanen karkara ke taruwa su saurari shiri, su tattauna a kansa. A wannan shekara ce kuma gidan radiyon Kaduna ya fara aiki. Daga ƙetare, sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979.

A wancan zamani, hanyar da muryoyin nesa ke isowa Dogarawa ko Badagishiri ita ce gajeren zango. Mai gabatarwa yakan sanar da cewa za a same su "a kan mita 49, da 31, da 25, da 19". Lambobin nan awo ne na gaskiya: igiyar da ake kira mita 31, tsawon zangonta kusan mita 31 ne, da irin mitar da tela ke auna yadi.

Daga 1994 aka fara buɗe gidajen radiyo masu zaman kansu a Nijar, a 1999 kuma aka kafa radiyon karkara ta farko a Bankilare. Waɗannan tashoshi a kan FM suke, kuma lambar da ake sanin kowace tasha da ita ba tsawon zango ba ce, yawan kaɗawa ce. Amma sai tsohuwar kalma ta bi sabuwar lamba. Ga misali, tashar Freedom ta Kano tana kan 99.5, kuma abin da aka saba ji shi ne "mita 99.5". Kafin mu ga inda matsalar take, wajibi ne mu fahimci abin da ake aunawa.

3. Igiya da ma'aunanta uku

Idan aka jefa dutse cikin tabki, ko cikin ruwan madatsar Mozage, za a ga igiyoyi suna bazuwa daga inda dutsen ya faɗa. Kowace igiya tana da tozo da kwari. Idan akwai guntun kara a kan ruwan, ba ya bin igiyar zuwa gaɓa. Yana hawa ne yana sauka a inda yake. Ke nan abin da ke tafiya motsin ne, ruwan kansa yana nan.

Daga wannan misali ana iya fitar da ma'aunai uku:

(a) Tsawon zango: nisan da ke tsakanin tozo da tozon da ke bi masa. Ana auna shi da mita.

(b) Yawan kaɗawa: sau nawa karan ya hau ya sauka cikin sakan ɗaya, watau tozo nawa suka wuce wuri guda cikin sakan. Ana auna shi da haz. Haz 1,000 su ne kilohaz ɗaya; haz miliyan ɗaya su ne megahaz ɗaya.

(c) Gudu: nisan da tozo guda ya ci cikin sakan ɗaya. Ana auna shi da mita ko kilomita a sakan.

Igiyar radiyo ta bambanta da ta ruwa ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Abin da ke kaɗawa a cikinta ƙarfin lantarki ne da ƙarfin maganaɗisu, kowane yana haifar da ɗan'uwansa, don haka ba ta bukatar ruwa ko iska kafin ta yi tafiya. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, shi ya nuna ta hanyar lissafi a 1865 cewa irin wannan igiya za ta yi gudu daidai da gudun haske, ya kuma fahimci cewa haske ma irinta ne. Tsakanin 1887 da 1888 Heinrich Hertz ya samar da ita a ɗakin gwaji a Karlsruhe ta Jamus, ya auna tsawon zangonta. Daga sunansa aka samo ma'aunin haz, wanda ya shiga tsarin awo na duniya a 1960. Shi ya sa a jikin tsofaffin akwatunan radiyo ake ganin kc da Mc a inda sababbi ke da kHz da MHz.

Gudun wannan igiya a sararin da babu kome shi ne mita 299,792,458 a sakan. Tun 1983 da wannan lamba ake bayyana ita kanta mitar. A cikin iska gudun kusan haka yake, kuma wajen lissafin yau da kullum akan ɗauke shi kilomita 300,000 a sakan; bambancin bai kai ɗaya cikin dubu ba.

Domin a gane girman lambar: daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni, a miƙe ba ta hanyar mota ba, kimanin kilomita 340 ne. Igiyar radiyo tana cin wannan nisa cikin ɗan abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sauti kuwa, wanda ke gudun kimanin mita 340 a sakan, da zai iya kai wa can da kansa, da sai ya yi kusan minti 17 a hanya. Wannan ya nuna cewa abin da ke fitowa daga tasha ba murya ba ce. Igiya ce da aka ɗora wa siffar muryar, akwatin radiyo kuma ya mayar da siffar sauti.

4. Ƙa'idar da ta haɗa su

Ƙa'idar ita ce:

gudu = tsawon zango × yawan kaɗawa

A littattafan makaranta akan rubuta ta c = λ × f. Dalilinta a fili yake. Idan tozo goma suka wuce wuri guda cikin sakan, kuma tsakanin kowane tozo da na bayansa mita biyu ne, to na farko ya yi nisan mita ashirin kafin sakan ya cika.

Misalin da ya fi dacewa da ajin manya shi ne na taki. A ce uba da ɗansa sun kama hanyar kasuwa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Takin uban santimita 80 ne, yana yin taki 90 a minti. Ya ci mita 72 ke nan. Takin yaron santimita 40 ne. Domin kada a bar shi a baya, tilas ya yi taki 180 a minti, shi ma ya ci mita 72. Saurinsu ɗaya ne. Wanda takinsa ya gajarta da rabi, yawan takinsa ya ninka biyu.

Haka igiyoyin lantarki da maganaɗisu suke. Gudunsu a sarari ɗaya ne, ba mai wuce wani. Bisa ga haka, tsawon zango da yawan kaɗawa ba sa hawa tare: igiya mai dogon zango kaɗawarta kaɗan ce, mai gajeren zango kaɗawarta da yawa. Wanda ya san ɗaya ya san ɗayan.

Ya kamata a lura da abu guda. Idan igiya ta shiga ruwa ko gilashi, gudunta yana raguwa: haske yana gudun kimanin kilomita 225,000 a sakan cikin ruwa, kimanin 200,000 cikin gilashi. A nan yawan kaɗawa ba ya sauyawa, domin mafarin igiyar ne ya tsayar da shi. Tsawon zango ne ke gajarta. Wannan shi ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa injiniyoyi suka fi son sanin tasha da yawan kaɗawarta.

5. Lissafin 300

Idan aka auna tsawon zango da mita, yawan kaɗawa kuma da megahaz, ƙa'idar takan zama mai sauƙi ƙwarai:

mita × megahaz = 300

Watau a raba 300 da ɗaya, a sami ɗayan. Ga misalai:

Radiyo Kaduna ta daɗe tana watsa shiri a kan kilohaz 6,090, wato megahaz 6.09. An raba 300 da 6.09, an sami mita 49 da ɗan ɗori. Ita ce "mita 49".

Muryar Sahel ta yi amfani da kilohaz 9,705, wato megahaz 9.705. Tsawon zangon ya kama mita 30.9. Ita ce "mita 31".

Matsakaicin zango yana tsakanin kimanin kilohaz 530 da 1,600, wato daga mita 570 zuwa mita 190, kusan-kusan.

FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, wato daga mita 3.4 zuwa mita 2.8.

Wayar salula mai aiki a kan megahaz 900 tana da zangon santimita 33. Mai aiki a kan 1,800, kimanin santimita 17.

Faifan kama tauraron ɗan'adam da ke kan rufin gidaje, idan yana karɓar megahaz 12,000, zangon igiyar santimita 2.5 ne.

Jan haske yana kaɗawa kimanin megahaz miliyan 430, zangonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, zangonsa ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba.

Duk waɗannan dangi ɗaya ne, gudunsu a sarari ɗaya. Lissafin yana da amfani a aikace. Eriya takan yi aiki sosai idan tsawonta ya yi daidai da rubu'i ko rabin tsawon zango. Rubu'in mita 3 santimita 75 ne, shi ya sa sandar eriyar akwatin radiyo ba ta wuce wannan tsawo da yawa. Mai gyaran radiyo a Malbaza da ya riƙe lambar 300 yana iya yanka wayar eriya daidai da tashar da ake son kamawa.

6. Nisa ba ya nuna gudu

Mai sauraro yana iya tambaya: idan gudunsu ɗaya ne, me ya sa ake jin muryar da ta taso daga wata nahiya, amma tashar FM ta garin da ke kusa takan ɓace da an gangara cikin kwari? Amsar tana ga hanyar da kowace igiya ke bi.

A can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai sashen iska da hasken rana ke cika shi da ƙwayoyin lantarki. Kennelly da Heaviside sun yi hasashen samuwarsa a 1902, bayan da Marconi ya aika saƙo ƙetaren tekun Atlantika a 1901. Appleton ya tabbatar da shi ta gwaji a 1924. Wannan sashe yana lanƙwasa igiyar gajeren zango ya mayar da ita ƙasa, ƙasa ta sake mayar da ita sama, ta haka take cin dubban kilomita. Da yake halinsa yana sauyawa tsakanin dare da rana, tashoshi sukan yi amfani da mita 19 ko 16 da rana, mita 49 ko 41 da dare. Matsakaicin zango ma yakan yi nisa bayan faɗuwar rana, saboda ɓangaren ƙasa-ƙasa na wannan sashe, wanda ke shanye shi da rana, yana raunana da dare.

Igiyar FM, mai zangon mita 3, takan huda wannan sashe ta wuce. Saboda haka tafiyarta kusan iyakar ganin ido ce daga saman hasumiyar tasha. Tuddan Adar da kwaruruka irin na Majiya da na Badagishiri suna iya tare ta, ko da tashar ba ta da nisa. Wannan batu ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye: idan za a haɗa darasin karatu da shirin radiyon karkara, sai a fara bincika ko cibiyoyin da ke cikin kwari suna kama tashar, kada a dogara ga nisan kilomita a kan taswira.

Haka kuma jinkirin da ake lura da shi a shirin da ya biyo ta tauraron ɗan'adam, tsawon hanya ne ya kawo shi. Tauraron da ke tsaye daidai wuri guda yana nisan kilomita 35,786 sama da doron ƙasa. Hawa da sauka suna cin kusan rubu'in sakan.

7. Inda matsalar kalma take

Yanzu mu koma kan harshe. Akwai wurare uku da mai karatu zai iya tuntuɓe.

Na farko, "mita". A cikin "mita 49" tana nufin tsawon zango. A cikin "mita 99.5" tana nufin megahaz. Tashar da ke kan megahaz 99.5 zangonta mita 3 ne kawai. Igiyar da zangonta ya kai mita 99.5 da gaske tana kan megahaz 3 ne, can bakin gajeren zango. Ɗalibin da ya taso da jin duka biyun zai ɗauka cewa zangon FM ya ninka na Radiyo Kaduna sau biyu, alhali na Kaduna ne ya ninka na FM sau goma sha shida. Idan malami ya rubuta masa ƙa'idar da ke sama da kalmomin titi, abin da zai fito shi ne "mita sau mita daidai da 300", maganar da ba ta da ma'ana.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, Hausa tana da tata "mita" ta asali, wato yawan nanata magana ko ƙorafi, wadda a rubuce ba ta bambanta da ta aro. Wasu masu fassara sun ɗauko ta domin ta wakilci yawan kaɗawa, ganin cewa akwai ma'anar maimaitawa a cikinta. Dabarar tana da hujja, amma a wannan fage ba za ta yi aiki ba, domin ma'aunin kishiyarta ya riga ya zauna a kan wannan suna.

Na biyu, "zango". A asali zango shi ne masaukin ayari, da kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Aro ne mai kyau ga nisan tozo da tozo. Amma wanda ba a yi wa bayani ba yana iya fahimtar "gajeren zango" da ma'anar igiyar da ba ta zuwa nesa, alhali ita ce mai zuwa nesa. Bugu da ƙari, an sa mata wannan suna ne a kwatance da dogo da matsakaicin zango. Na FM ya fi nata gajarta.

Na uku, haruffan da ke jikin akwati. Akwatunan da suka shigo ta Nijeriya suna ɗauke da SW da MW, waɗanda aka yi wa kasuwar Faransanci kuma da OC da PO. Duka suna magana ne a kan tsawon zango. FM da AM kuwa suna nuna hanyar da aka ɗora sauti a kan igiya. Jera su wuri guda yana sa a zaci jinsinsu ɗaya.

Masu koyar da lissafi a ajin manya sun san irin wannan matsala a fagen kuɗi, inda "ɗari" a kasuwa ke nufin dala ɗari, wato faran 500. An warware ta ne ta hanyar koya wa ɗalibi ya riƙa tambayar kansa: ɗari na me? Tambayar da ake bukata a nan ita ce: 99.5 na me?

8. Shawarwari

(1) A keɓe "mita" ga awon tsawo kaɗai a cikin duk littafin koyarwa.

(2) A riƙe "tsawon zango", tun da ya riga ya zauna, amma a bayyana shi da zane mai nuna tozo biyu, a kuma faɗa ƙarara cewa bai shafi nisan da igiya ke kaiwa ba.

(3) A yi amfani da "yawan kaɗawa" ga abin da Faransanci ke kira fréquence. An auna "yawan bugu" da "maimaituwa": na farko yana kai tunani ga duka, na biyu kuma bai nuna motsin kai-da-komo ba. "Kaɗawa" kuwa ana faɗinta ga reshe da tuta da tsirkiya, kuma duka suna zuwa su komo.

(4) A rubuta ma'aunin da rubutun Hausa, haz, kilohaz, megahaz, a bar alamomin duniya Hz, kHz, MHz yadda suke, domin su ɗalibi zai gani a jikin akwati.

(5) Kada a rubuta lamba ba tare da ma'auninta ba.

(6) A tsayar da hanya ɗaya ta rubuta gutsuren lamba. Makarantun Nijar suna rubuta 99,5, na Nijeriya 99.5. A yankin iyaka, inda littattafai ke ƙetarawa, wajibi ne kowane littafi ya faɗi wadda ya bi tun shafin farko.

(7) A gabatar da misalin taki kafin alamomin lissafi, sa'an nan a ba ɗalibai akwatin radiyo su karanta lambobin jikinsa, su raba 300 da su.

(8) A tuntuɓi masu gabatar da shirye-shirye a gidajen radiyon yankin, domin ta bakinsu kalma ke bazuwa. Cewa "a kan megahaz 99.5" bai fi "a kan mita 99.5" nauyi a harshe ba.

9. Kammalawa

Mun nuna cewa gudun igiyar lantarki da maganaɗisu a sarari tsayayye ne, kuma shi ne sakamakon ninka tsawon zango da yawan kaɗawa, ta yadda hawan ɗaya ke tilasta saukar ɗayan. Mun kuma nuna cewa Hausar radiyo ta gaji "mita" daga zamanin gajeren zango, ta ɗora ta a kan lambobin FM da ba awon tsawo ba ne. A hirar yau da kullum wannan bai hana kowa kama tasharsa ba, amma a aji yana rushe ƙa'idar tun daga tushe. Abin da ya rage shi ne a gwada kalmomin da aka ba da shawara a wasu cibiyoyin karatun manya na Ƙonni, Malbaza da Illela, a ga ko ɗalibin da aka ba megahaz zai iya fitar da mita, ya kuma faɗi da bakinsa abin da kowace lamba ke aunawa, kafin a sa su cikin ƙamus.